Daga Sawaba zuwa Sheda: siyasar tutar talaka da lafiyar dimokuraɗiyyar Najeriya

Sheda gari ne a Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lokoja, kaɗan bayan an wuce Gwagwalada. Matafiya sun fi saninsa da cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta SHESTCO. Mazaunansa kuwa manoma ne da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata: 'yan asalin yankin irin su Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwarawa, da kuma baƙin da neman abinci ya kawo daga sassan ƙasar nan. Ranar 21 ga Fabrairu 2026, wadda Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta tsayar domin zaɓen ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, aka sake kiransu zuwa rumfunan zaɓe.

Ƙuri'ar mutumin Sheda ta bambanta da ta ɗan uwansa na Kano ko Sakkwato. Yana zaɓen kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Yana zaɓen ɗan Majalisar Wakilai guda da yake tarayya a kansa da mutanen Abaji da Gwagwalada da Kuje, da sanata ɗaya tilo na yankin baki ɗaya, sai shugaban ƙasa. Gwamna ba shi da shi, haka ma majalisar dokokin jiha. Tun daga Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta keɓe wannan yanki domin sabon babban birni, ƙasarsa ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma ministan da shugaban ƙasa ya naɗa shi ke riƙe da ragamarta. Tun Agustan 2023 Nyesom Wike ne a kan kujerar. Ke nan mai yanke hukunci a kan gonar manomin Sheda ba ya taɓa zuwa neman ƙuri'arsa. An sha kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin samar wa yankin zaɓaɓɓen magajin gari, har yau bai zama doka ba.

Duk da wannan giɓi, zaɓen ƙananan hukumomin Abuja yana da wata daraja da takwarorinsa na jihohi suka rasa. INEC ce ke gudanar da shi, a kan lokacinsa, kuma ana kayar da jam'iyya mai mulki a cikinsa. A zaɓen 12 ga Fabrairu 2022, APC ta ɗauki Kwali da Gwagwalada da Abaji, PDP ta ɗauki Birni da Kewaye da Bwari da Kuje. A Kwali, Danladi Chiya na APC ya tsira ne da ratar 'yan ɗaruruwan ƙuri'u. A jihohi kuwa, inda hukumomin zaɓen da gwamnoni suka naɗa ke yin aikin, labarin ya saba zama ɗaya: a Oktoban 2024 APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 na Kaduna, NNPP ta kwashe 44 na Kano, ba a bar wa 'yan hamayya ko ɗaya ba.

Sai dai a wannan zaɓe na Abuja da ya fi tsafta, jama'a ba sa fitowa. Yankin na da masu rajista fiye da miliyan 1.3 a 2022, amma wanda ya ci shugabancin Birni da Kewaye, ƙaramar hukumar da Fadar Shugaban Ƙasa take ciki, bai kai ƙuri'a 20,000 ba. Cutar ta game ƙasa. A 2003 kimanin kashi 69 cikin 100 na masu rajista suka yi zaɓen shugaban ƙasa. Adadin ya sauko zuwa kusan 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019, sannan kimanin 27 a 2023. Daga masu rajista miliyan 93.4, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'u miliyan 8.79, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin goma. Mulkin farar hula ya wuce shekara 25 ba tare da yankewa ba, wanda shi ne mafi tsawo tun samun 'yancin kai, amma masu ganin ya cancanci tsayuwar rana a layi suna raguwa a kowane zagaye.

A irin wannan fili ne siyasar tutar talaka take tsiro. Abin nufi shi ne salon da ɗan siyasa zai raba al'umma gida biyu, talakawa masu gaskiya a gefe, manya azzalumai a ɗaya gefen, sannan ya ce shi ne bakin talaka. A Turai da Amurka ana ambatonta yau a matsayin barazana ga dimokuraɗiyya. Tarihin Arewacin Najeriya ya nuna cewa hukuncin bai kai haka sauƙi ba, domin mafi yawan 'yancin da talakan Arewa yake taƙama da shi ta wannan ƙofa ya shigo.

Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Sanarwar Sawaba da ta zama aƙidarta ba ta yi nuƙu-nuƙu ba wajen raba al'umma tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga siyasa, shi ya zama jagoranta. Magoya bayanta teloli ne da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da manoma, mutanen da dagaci ko hakimi zai iya sa su aikin tilas, ya karɓi harajinsu, kuma alƙali ya ɗaure su idan sun yi magana. An ɗaure da yawa daga cikinsu, an yi wa wasu bulala, wasu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga gidan yari saboda neman mata su samu bakin magana.

A akwatin zaɓe NEPU ba ta taɓa kusantar kafa gwamnati ba. Tsarin zaɓen hawa-hawa na 1951, wanda ya bai wa En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, ya shafe nasarorin da ta samu a matakin farko a birnin Kano. Ko a 1959, da aka yi zaɓen kai tsaye kuma Malam Aminu ya shiga Majalisar Wakilai, NPC ce ta mamaye Arewa. Amma abubuwan da NEPU ta yi ta nema sun tabbata ɗaya bayan ɗaya, galibi a hannun wasu. Bayan 1966 an karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo zaɓaɓɓun kansiloli, kuma a shekarar ne matan Arewa suka samu 'yancin ƙuri'a. Kujerar kansilan da ake takara a kanta a mazaɓun Kwali jikar wancan gyara ce.

Abin lura a nan shi ne yadda NEPU ta yi amfani da fushin talaka. Ta sayar masa da katin jam'iyya, ta kafa rassa a unguwanni da ƙauyuka, ta koya masa cewa hakimi ma yana ƙarƙashin doka, kuma ta riƙa neman a buɗe masa ƙofar majalisa da ta kotu. Irin wannan ya faru a Amurka. Jam'iyyar manoma da ta tsayar da James Weaver a 1892 ta samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya, ta sha kaye, ta watse. Amma zuwa 1913 manyan buƙatunta biyu, zaɓen sanatoci kai tsaye da harajin kuɗin shiga, sun shiga tsarin mulki.

Jarrabawar mulki ta zo a 1979, lokacin da PRP, magajiyar NEPU, ta ci jihohin Kano da Kaduna. Gwamnoninta, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali, nauyin da talaka ya ɗauka tun kafin zuwan Turawa. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, ya mai da ranar ma'aikata ranar hutu. Daga nan aka fara ganin iyakar wannan siyasa. A Kaduna majalisar dokoki na hannun NPN. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, shi kuma ya ƙi ciniki da ita, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin ƙasar nan. A Kano takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta haifar da tarzomar 10 ga Yuli 1981, inda aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kashe mai bai wa gwamna shawara, Dokta Bala Muhammad. Jam'iyyar kanta ta dare, 'yan santsi da 'yan taɓo, kowane ɓangare na cewa shi ne na talaka na haƙiƙa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka tattara kowa, kuma jama'a da dama sun yi murna.

Wanda ya ce shi kaɗai ne bakin jama'a yana da wuya ya ɗauki abokin hamayya a matsayin ɗan ƙasa mai wani ra'ayi daban. Sai ya zama maƙiyin talaka. A nan ne ɗaya fuskar wannan siyasa take ɓullowa, kuma Hausa ta ba ta suna tun tuni: tazarce. A Maris ɗin 1998 an tara dubban matasa a Abuja suna roƙon Janar Sani Abacha ya zarce, jam'iyyu biyar na lokacin duk suka tsayar da shi. A Jamhuriyar Nijar, Shugaba Tandja Mamadou, wanda ba a musun farin jininsa a karkara, ya ce talakawa ne suka nemi ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Da Majalisar Dokoki da Kotun Tsarin Mulki suka ƙi, sai ya rushe su duka a 2009, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka ɗauke shi daga fada. Babu majalisa ko kotun da za ta tsaya masa, domin shi da hannunsa ya kawar da su. Hugo Chavez na Benezuwela ya bi hanya mai kama da wannan a hankali: sabon tsarin mulki a 1999, ƙara yawan alƙalan kotun ƙoli daga 20 zuwa 32 a 2004, cire iyakar wa'adi a 2009, kowane mataki da sunan jama'a.

Najeriya ta tsallake irin wannan rami ranar 16 ga Mayu 2006, da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku. Majalisar da jama'a ke yawan zagi ita ta yi wannan aiki, kuma PDP ce ke da rinjaye a cikinta.

Guguwar marigayi Muhammadu Buhari ta haɗa fuskokin biyu. Talakan Arewa ya ga mutum mai gaskiya a cikinsa, ya sayi katin waya ya tura masa gudunmawa, ya kwana a rumfar zaɓe da taken a kasa, a tsare, a raka. Wannan ya ƙara wa ƙuri'a ƙima. Amma ƙaunar ta mutum ɗaya ce. A 2011 ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 12, jam'iyyarsa ta CPC kuwa gwamna ɗaya ta samu, a Nasarawa, kuma rikicin da ya biyo bayan sanar da sakamako ya ci rayuka fiye da 800 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. A 2015 siyasar "sak" ta ɗauko 'yan takara da yawa da masu zaɓe ba su ko san sunayensu ba, ta kai su majalisa. Shekarar ce kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya amince da shan kaye kafin a gama sanar da sakamako, karo na farko da jam'iyyar hamayya ta karɓi mulkin tarayya ta akwati. Da shekaru takwas suka wuce ba tare da tsaro da tsadar rayuwa sun yi sauƙin da aka sa rai ba, da yawa daga masu kwana a rumfa ba su koma wata jam'iyya ba. Gida suka koma, kuma alƙaluman 2023 sun nuna hakan.

Babban Birnin Tarayya ya ga tasa guguwar a 2023. Peter Obi na jam'iyyar Labour ya samu ƙuri'u 281,717 a yankin, Tinubu 90,902, Atiku Abubakar 74,194. Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda, wanda ya riƙe kujerar sanata tun 2011. Iskar ta fi kaɗawa a cikin birni: Labour ta ɗauki kujerar Wakilai ta Birni da Kewaye da Bwari, APC ta ci wadda ta haɗa da Kwali. Daga baya rikicin shugabanci ya raba Labour gida biyu. Kamar CPC a baya, jama'a sun bi mutum, ba a gina jam'iyyar da za ta riƙe su ba. A lokaci guda gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Enugu sun bar PDP zuwa APC a 2025. Doka ba ta hana gwamna sauya sheƙa ba, amma mai zaɓen da ya ga an ɗauke ƙuri'arsa an kai inda bai aika ta ba yana da dalilin tambayar amfanin fitowarsa.

Haɗarin da ke tattare da wannan yanke ƙauna yana nan a maƙwabta. A Afrilun 2021 Nijar ta ga miƙa mulki na farko daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa wani. Ranar 26 ga Yuli 2023 dogaran fada ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, kuma dubban mutane suka cika titunan Yamai suna goyon baya. Harshen da sojojin suka yi amfani da shi na tutar talaka ne tsantsa: 'yan ƙasa a gefe, 'yan siyasa da Faransa a gefe. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa. Wanda ya fita murna a 2023, idan ra'ayinsa ya sauya, yanzu ba shi da akwatin da zai faɗi hakan. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, bayan cire tallafin mai, an ga wasu matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran soja. Mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da soja ya bar mulki a 1999.

Senegal ta nuna cewa fushi irin wannan na iya samun mafita ba tare da bindiga ba. Da Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024, Majalisar Tsarin Mulki ta soke matakin, ya kuma bi umarni. Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen 24 ga Maris, ya ci a zagayen farko. A gida ma, Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba Kabir Yusuf na NNPP kujerar gwamnan Kano ranar 12 ga Janairu 2024 bayan kotuna biyu sun tsige shi, a daidai lokacin da gari ya ɗauki zafi. Kotunan Najeriya na shan suka, wani lokaci da hujja, amma a ranar hukuncin ya hana jinin da ake fargaba zuba.

Sai dai talaka ba a Kotun Ƙoli yake auna dimokuraɗiyya ba. A makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi yake aunata, kuma a wannan ma'auni ƙananan hukumomin Abuja suna da amsar da za su bayar. Daga Maris zuwa Yulin 2025 malaman firamaren gwamnati na yankin sun yi yajin aiki fiye da wata uku, saboda ƙananan hukumomin ba su aiwatar musu da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba, ga bashin haƙƙoƙin baya. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi; na manoman Kwali da Abaji suka zauna a gida kusan zango guda. Ba a buɗe makarantun ba sai da Ministan Abuja ya sa baki, aka amince a ɗebi wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a rage bashin. Zaɓaɓɓu suka gaza, naɗaɗɗe ya warware. Darasin da uba a Sheda zai iya ɗauka daga nan, cewa mutum ɗaya mai ƙarfi ya fi majalisar kansiloli amfani, shi ne ainihin darasin da masu tazarce da masu juyin mulki suke so ya ɗauka.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma ya haramta kantomomin riƙo, ya ɗaga darajar waɗannan kujeru a takarda. Aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Idan ya tabbata, shugaban ƙaramar hukuma zai rasa wanda zai ɗora wa laifi, kuma tambayar ina kuɗin malamai suka shiga za ta samu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Kujeru 68 aka yi takara a kansu ranar 21 ga Fabrairu 2026: shugabanni 6 da kansiloli 62, goma daga cikinsu a Kwali. Dokar Zaɓe ta 2022 ta mai da wa'adinsu shekara huɗu maimakon uku, don haka wanda aka zaɓa zai zauna har 2030. Zaɓen na cikin na farko-farko da sabon shugaban INEC, Farfesa Joash Amupitan, ya jagoranta, kuma jam'iyyu za su karanta sakamakonsa a matsayin manuniyar 2027. Adadin da ya fi cancantar a duba a takardar sakamakon shi ne na waɗanda aka tantance a kowace rumfa, a kwatanta shi da na 2022, mazaɓa bayan mazaɓa, musamman a ƙauyukan da makarantunsu suka yi wata uku a rufe.